Mai gyaran injin turolin a Jamestown: aikin kebul ɗin sitiyari ya yi, amma sai ka zo da haƙurinka

Salamu alaikum jama'a. Duk wanda ke da ƙaramin jirgin faiba a Accra kuma ya ɗora mishi injin turolin mai feda, wato ƙaramin injin batir na lallaɓawa a hankali lokacin kamun kifi, irin wanda ake juyawa da ƙafa, ya san wahalar samun mai gyara. Makanikan injin jirgi dai ga su nan birjik daga Chorkor har Tema, amma duk Yamaha 40 suka sani don shi ne a kan kusan kowane kwale-kwale a bakin tekun nan, ido rufe za su kwance maka kafireta su mayar. Ka kawo musu injin batir mai kebul sai ka ga ana kallon juna, ƙarshenta wani yaro ya ɗauko gwangwanin feshi ya jiƙe maka kan injin ya ce masta gwada yanzu. To akwai wani dattijo ɗan Sabon Zango da ke da ɗan shago a wani lungu ta Jamestown, ba nisa da sabuwar tashar masunta da aka buɗe a 2024, wajen shi muka kai namu, kuma in ka tambaye ni zan ce ka je. Sai dai akwai abin da ya kamata ka sani kafin ka ɗauko injinka.

Namu injin hom yus ne, wato na hannu, daga Amurka, ƙarfin shi fam 55, batir ɗaya mai bolt 12, a goshin jirgi yake. Ni da yayana muke kai masu son kamun kifi da fatsa Ada Foah, wani lokaci kuma mu haura Akosombo. Wanda bai taɓa shiga tafkin Volta ba ba zai gane dalilin da ya sa muke damuwa da sitiyari haka ba. Lokacin da aka gama dam ɗin Akosombo a 1965 ruwa ya shanye daji yadda yake, ba a sare itatuwan ba, har yau kututture na nan tsaye ƙarƙashin ruwa, wani ka gan shi wani sai ka ji shi a cikin jirginka. Kifi kuma wajen kututturen nan yake so. Dole ka kashe babban inji ka lallaɓa da ƙaramin, hannunka biyu na kan fatsa ƙafarka na kan feda, ka taka da yatsu ya yi dama, ka taka da dunduniya ya yi hagu. In ka taka ya yi nawa ko daƙiƙa ɗaya ne, to ka riga ka hau itace.

Matsalar da muka kai: feda ta yi tauri ta ɓangaren hagu sai ka danna da ƙarfi, ta dama kuma akwai wasa, ka taka ta tafi kamar inci guda kafin injin ya motsa. Kibiyar da ke saman kan injin ma ta daina nuna inda farfela ta fuskanta.

Abin da ya sa nake yabon dattijon nan shi ne bai ce kebul ya mutu a saya sabo ba, yadda kowa ke faɗa tun kafin ya taɓa. Ya fara cire wayar batir, sannan ya buɗe murfin kai ya zare bakin kebul ɗin daga gangar da suke naɗewa a kai. Ya ce min, "Ɗana, abu uku ne ke juyawa a nan, feda, da kebul, da sandar injin. In ba ka raba su ba ba ka san wanda ke ƙarya ba." Haka ya gwada kowanne shi kaɗai. Feda ba kebul tana lilo lafiya lau. Sandar kuma da ya murɗa da hannu sai ga ta tana cijewa, gishiri ya daskare fari fat a wajen boris, ashe rabin taurin ma ba daga kebul yake ba. Sai ya dawo kan kebul ɗin. Tsarin shi kamar na birkin keke ne, siririyar wayar ƙarfe a cikin riga, sai dai a nan guda biyu ne, ɗaya ya ja hagu ɗaya ya ja dama, akwai kuma wasu injinan da kebul ɗaya ne ke tura ƙarfe mai haƙora. Bai shafa wayar da yatsa ba, tsumma ya ɗauka ya bi ta a hankali, sai tsumman ya maƙale kusa da feda. Silin waya sun fara tsinkewa a wurin, ido bai gani sosai amma su ne ke kartar rigar daga ciki. Ya ce in an kai nan ba mai da zai gyara, saura kawai ranar da zai tsinke gaba ɗaya, kuma ba a shago yake tsinkewa ba.

Ɗayan kebul ɗin ƙalau yake, ni na so a bar shi don a rage kuɗi, ya ce a'a a canza biyun. Dalilin shi tsoho ya riga ya miƙe, sabo bai miƙe ba, in ka haɗa su kullum kana cikin ɗaure sukuru. Na ɗan yi gardama amma da na yi lissafin kuɗin kawo kaya sau biyu sai na yi shiru.

Inda muka fi daɗewa muna magana shi ne batun giris, kuma a nan ne nake ganin yawancin masu jirgi ke kashe kebul da hannunsu suna zaton gata suke mishi. Mutum ya ji feda ta yi tauri sai ya dumbuzo baƙin giris na mota ya cusa a bakin rigar, sati biyu ta yi laushi, bayan nan yashin bakin ruwa da ƙurar hunturu su manne a jiki su zama taɓo mai kaifi, kowane taku kana goge wayar da yashi. Shi abin da yake yi, ɗigon mai marar kauri a bakin da wayar ke shiga riga, a taka feda a mayar har ya bi ciki, giris na jirgin ruwa kuma ɗan kaɗan a kan haƙora da ƙusar da feda ke lilo a kai, a goge saura. Man feshi irin su WD-40 ya ce yana da amfanin shi, yana korar ruwa yana kwance tsatsa, amma ba ya zama, in ka fesa ka bar shi haka bayan kwana kaɗan wurin ya bushe ƙayau. Na yarda da shi a nan ɗari bisa ɗari.

Sai sukurun da ke ɗaure kebul a jikin feda. Wannan ma wani tarko ne, mutum ya ji wasa sai ya ɗaure shi tamau har wasan ya ɓace, feda kuma ta koma sai ka miƙe tsaye kafin ta motsa, kebul yana shan ja ko ba ka taka ba. Dattijon rubu'in juyi yake yi ya gwada, ya ƙara rubu'i ya gwada, har ya samu inda wasa ya tafi amma ƙafa ba ta wahala. Ya kuma nuna min wani lanƙwaso a rigar tsohon kebul ya tambaya wa ke zama a nan. Kula ce ta ƙanƙara ake ɗorawa a wurin in an naɗe injin. Rigar nan tana son kwana mai faɗi, in ta karye gwiwa sau ɗaya ba ta komawa daidai.

Batun gishiri bai yi min sassauci ba. Ruwan Ada inda kogi ke haɗuwa da teku gauraye ne, in teku ta cika gishiri na haurowa sosai, injin ruwan daɗi kuma ba don wannan aka yi shi ba. Masu yin su ma sun raba, kamfanin Minn Kota alal misali suna da Riptide, fararen nan, su ne na ruwan gishiri. Mai irin namu sai dai ya riƙa wanke shi da ruwan famfo duk ranar da aka fito, feda da sanda da duk inda ƙarfe ya fito fili, a bar shi ya sha iska kafin a rufe. Rufe jiƙaƙƙen inji da leda a zafin Accra kuwa, tsatsa ka yi wa ɗaki.

Wani abu da ban tambaya ba ya yi, ya cire farfela ya duba bayanta. Zaren fatsa da guntun koma sun naɗe a wurin tam, ya ce wannan zaren ne ke yanka robar da ke hana ruwa shiga cikin motar, in ruwa ya shiga kuwa maganar kebul ta zama ƙarama. Ya tsince shi, ya duba ƙaramar ƙusar da ke riƙe farfela, bai ƙara ko pesewa a kuɗin aiki ba.

Yanzu ga inda ya gaza. Lokaci. Baba ba ya sauri kuma ba ya son a sa shi sauri, in ya ce jibi ka ƙara mishi kwanaki a ranka, wayar shi kuma sai ka kira ka gaji don tana cikin aljihun rigar da ya rataye. Ba ya ajiye kayan injin turolin ko ɗaya. Na zaga Abossey Okai da tsohon kebul a hannu, duk girman kasuwar nan kayan mota ne, wani ya miƙo min kebul ɗin kuloci na babur ya ce zai shiga. Na kai wa Baba ya juya shi ya ce bakin ba ɗaya ba ne, tsawo ba ɗaya ba ne, kuma wannan ƙarfen wata ɗaya a Ada ya yi ja, shi ba zai sa ba. Na san akwai masu sawa, in a Akosombo kake kebul ya tsinke kana da baƙi washegari ban ga laifinka ba, amma a matsayin gyara na zama gaskiyar shi ce. Dole muka yi oda daga waje muka jira, kuɗin kawowa da na kwastan sun kusa kamo kuɗin kebul ɗin kan shi. Kuɗin hannun shi kam ba tsada, ya karɓi momo, wato kuɗin da ake turawa ta waya, rasit dai babu.

Shagon matsattse ne, ba wurin ajiye mota, gara ka sauka a bakin titi ka ɗauko injin a kafaɗa. Kar ka je ranar Talata, ranar ce masunta 'yan ƙabilar Ga ba su shiga teku, kowa ya kwaso injin shi, Baba yana ta zuba yaren Ga da su kai kana tsaye ba mai kallonka. Haka ma in gwamnati ta rufe teku a watan Yuli kamar yadda aka yi a 2023 da 2024, lokacin ne kowa ke tuna injin shi na da ciwo. Juma'a kuma daga an kusa kiran salla ya ja ƙofa. Injin zamani mai rimot da GPS wanda ba kebul a ciki, ya faɗa min da bakin shi ba ya taɓawa, ka nemi mai gyaran lantarki.

Bayan aikin feda ta koma yadda yatsan ƙafa kawai ke juya ta, kibiya ta daidaita, mun shiga cikin kututture a sama da dam mun fito ba ko ƙwarzane, yayana da ya fi ni ƙorafi ma bai samu abin faɗa ba. In za ka je ka kai injin da fedar shi tare, kar ka kwance komai a gida, ka ɗauki hoton lambar da ke jikin injin don da ita ake odar kebul, tsawon su ba ɗaya ba ne. Laraba ko Alhamis da safe ya fi, kuma ka tafi da batir ɗinka in kana so a gwada a gabanka, na shagon kullum a kwance yake.