Raveloson ko Ilaimaharitra: amsa ga ɗan'uwan da ya tambaya a zaure

Ɗan'uwa, ka ce a kwatanta maka Rayan Raveloson da Marco Ilaimaharitra, 'yan tsakiyar Madagaska biyu, a faɗa maka wanda ya fi. Na ga wasu sun amsa maka da dariya, wai ko sunan ma ba sa iya faɗa. To, mu da muka zauna a gidan kallo ranar 30 ga Yunin 2019, dariyar 'yan Madagaska ta fita ranmu tun daga ranar.

Ka tuna yadda aka yi a Iskandariyya ta Masar, a gasar cin kofin Afirka. Super Eagles sun riga sun haye, sai Gernot Rohr ya canza 'yan wasa. Wasan bai yi nisa ba John Ogu ya mayar da wata raguwar ƙwallo baya, Leon Balogun ya yi sanyin ƙafa, Lalaina Nomenjanahary ya fizge ta, ya kewaye Ezenwa, ya jefa a raga. Bayan hutun rabin lokaci Carolus ya ƙara ta biyu da bugun tazara. Ƙasar da ba ta taɓa zuwa gasar cin kofin Afirka ba ita ta ƙare a saman rukuni. Wani dattijo da ke gefena ya tashi ya karɓi canjinsa ya fita tun ba a busa tashi ba. Mutanen nan biyu da kake tambaya duk suna cikin tawagar Madagaska, wadda ake kira Barea, ta wannan shekarar, amma ba a matsayi ɗaya ba, kuma daga nan bambancinsu ya faro.

A lokacin Marco ne babba. An haife shi a Mulhouse ta Faransa a 1995, ya taso a makarantar horon Sochaux, har ya buga wa ƙananan tawagogin Faransa kafin ya zaɓi Madagaska. Kwana uku kafin wasan Najeriya, shi ya narka bugun tazarar da ta ba su 1-0 a kan Burundi, nasararsu ta farko a tarihin gasar. Wannan ƙwallon ba mai ƙwace masa ita. Rayan kuwa yana ɗan shekara 22, bai daɗe da fara saka rigar ƙasar ba, ƙane ne a cikin yayye. Tare suka fitar da Kwango da bugun fenareti, tare Tunisiya ta sallame su da 3-0.

A kulob, labarin Marco gajere ne, don mutum ne mai zama wuri ɗaya. Ya koma Charleroi ta Beljiyam a 2017, ya yi shekaru a can har ya ɗaura kambun kyaftin. Aikinsa tare hanya ne: ya tsaya gaban 'yan baya, ya ƙwace, ya miƙa wa na kusa. Irin ɗan wasan da ba ka ganin amfaninsa sai ranar da ba ya nan. Abin da ya fi yaɗa sunansa a can ma ba abin daɗi ba ne: a 2019, a filin Mechelen, 'yan kallo suka yi masa ihun wariyar launin fata, ya bar fili yana hawaye.

Na Rayan ne mai tsawo. A Madagaska aka haife shi a Janairun 1997, ya girma a tsibirin Reunion da ke ƙarƙashin Faransa, daga can ya tsallaka Tours, sai Troyes, inda suka ɗauki kofin rukuni na biyu a kakar 2020-21. Duk wanda ya haye da kulob zuwa Ligue 1 zama yake yi ya ci moriyar wahalarsa. Shi sai ya tattara ya tafi Amurka, LA Galaxy, wajen su Chicharito. Ni a lokacin cewa na yi yaron nan ya yi gaggawar neman kuɗi. Ban yi daidai ba. A makonninsa na farko ya riƙa cin ƙwallo wasa bayan wasa, alhali ɗan tsakiya ne mai tsaro aka saya. Matsalar kawai, wasannin Los Angeles wajen ƙarfe uku da rabi na dare suke kamawa a wajenmu, don haka yawancinmu sai dai mu ga gutsuren bidiyo bayan sallar Asuba.

A 2022 ya dawo Faransa, Auxerre. Ya faɗo a muguwar kaka, wadda aka rage Ligue 1 daga ƙungiya 20 zuwa 18, aka zubar da huɗu lokaci ɗaya, har da su. Bai gudu ba. Ya tsaya suka sake ɗaukar kofin rukuni na biyu a 2024 suka dawo, sannan a farkon 2025 ya wuce Young Boys ta Suwizalan. Ka ga ke nan kofin Ligue 2 sau biyu da kulob biyu, da ƙasa uku da ya taka leda a cikinsu bai kai talatin ba.

Inda na fi ba shi maki shi ne rigar ƙasa. Bayan 2019 Madagaska ba ta sake zuwa gasar Afirka a karo biyun da suka biyo baya ba, manyan tawagar suka fara ja da baya, nauyi ya dawo kansa. A neman gurbin kofin duniya na 2026 suna rukuni ɗaya da Ghana, Mali, Komoros, Afirka ta Tsakiya da Chadi, kuma sun ƙare na biyu, a gaban Mali. Shi ya ci musu duka biyun da suka doke Komoros 2-1 a Yunin 2024. 'Yan'uwanmu na Kumasi da ke zauren nan za su ba ka labarin Nuwamban 2023, yadda Black Stars suka yi ta dukan ƙofa ba ta buɗe ba sai da Iñaki Williams ya sa kai a ƙarin lokaci.

To wa ya fi? In koci ne ni, ina gaba da ci ɗaya saura minti ashirin, Marco zan so a gaban 'yan bayana. Amma tambayarka a kan tafiyar ɗan wasa ce gaba ɗaya, kulob da ƙasa, kuma a nan Rayan na ɗauka: yana tare hanya kamar Marco, sannan yana shiga da'ira ya ci, abin da Marco bai saba yi ba. Wanda ya ce min ƙwallon Burundi ta fi duk wannan nauyi, ba zan yi masa musu sosai ba, in dai ɗan Madagaska ne.