Gama-garin janareta ko janareta mai inbata: wanne ya dace da cajin batirin sola?

Wani ɗan'uwa daga unguwar Mabera a Sakkwato ya yi tambaya cewa yana da inbata mai caja ta kilowat 5 da batir na bolt 48, gidansa bai dogara da wutar Kaduna Electric ba, amma idan ƙurar hunturu ta lulluɓe faifan sola har batir ya kasa cika, sai ya tayar da janaretansa mai 3.5kVA, inbatar ta karɓi wutar na ɗan lokaci ta saki, ta sake karɓa ta sake saki. Yana son sanin ko dole ne ya sayar da shi ya sayi janareta mai inbata.

Malam, kafin ka kai shi kasuwa, ya kamata mu duba yadda kowannensu yake samar da wuta. Gama-garin janareta na fetur wutarsa a ɗaure take da gudun injinsa: sai injin ya yi juyi 3,000 a minti ɗaya sannan a samu 50Hz da kayan wutarmu suke buƙata, kuma idan nauyi ya danne shi ya koma juyi 2,700, wutar ta faɗo 45Hz ke nan, ƙarfin bolt ɗin ma yakan sauka tare da ita. Shi kuwa janareta mai inbata, wutar da injinsa ya samar sai ta bi ta cikin na'urar da ke sake tsara ta, ta fito a kan bolt 230 da 50Hz ko injin yana gudu ko yana sassautawa. Ta fuskar tsabtar wuta dai babu gardama, mai inbata ya fi.

Sai dai abin da kake gani a gidanka ya fi kama da matsalar nauyi. Idan aka bar cajar a kan amfiya 60, batirin kuma yana karɓar caji a wajen bolt 54, ana neman wat 3,240 ke nan, ban da abin da ke ɓacewa a matsayin zafi, ban da firiji da fankoki da ke aiki a lokacin. Janaretan da aka rubuta wa 3.5kVA kuwa abin da yake iya ɗauka na tsawon lokaci bai wuce wat 2,800 ba, kuma a zafin Sakkwato na Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, ƙarfinsa yakan ragu, balle idan ƙura ta toshe matatar iska. Ka tsaya kusa da su ka saurara: za ka ji inbatar ta yi ƙas, muryar injin ta yi ƙasa kamar an shaƙe shi, bayan 'yan daƙiƙoƙi ta sake yin ƙas, injin ya sake numfasawa. Inbatar tana kare kanta ne daga wutar da ta fita daga iyakar da aka gindaya mata. Janareta mai inbata mai irin wannan girman shi ma ba zai ɗauki wannan nauyin ba, katse wutar zai yi ya kunna jar fitila.

Saboda haka gyara na farko ba ya cin ko kwabo. A inbatocin da aka ƙera bisa tsarin kamfanin Voltronic, waɗanda suka yi yawa a shagunanmu da sunaye daban-daban, saiti na 11 shi ne iyakar cajin da ake ja daga janareta. Ka mayar da shi amfiya 20 ko 30, wanda zai sauko da buƙatar zuwa ƙasa da wat 1,800. Saiti na 03 kuma yana da zaɓi biyu, UPS da ke karɓar bolt 170 zuwa 280, da APL da ke karɓar 90 zuwa 280. APL ya fi haƙuri da gama-garin janareta, amma ka sani cewa duk wutar da inbatar ta karɓa ita take miƙawa kai tsaye ga kayan gida, ba ta tace ta. Idan AVR, wato na'urar da ke daidaita bolt ɗin janaretan, ta fara lalacewa, talabijin da firiji ne za su biya kuɗin.

Wajen shan mai, ana yawan yabon mai inbata saboda yana rage gudu idan nauyi ya yi sauƙi, kuma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023 kowa yana lissafin lita. Amma cajin batir nauyi ne tsayayye, injin ba ya samun hutu, har ma akan so a kashe maɓallin tattalin man domin kada ya yi tangaɗi idan cajar ta kama. A nan tazarar da ke tsakaninsu ƙarama ce. Ya fi shiru, wannan gaskiya ne, kuma maƙwabta za su gode. Ya kuma fi tsada, sannan idan allon na'urarsa ya ƙone sai an nemo sabo, alhali gama-gari kusan duk mai gyaran janareta a gari zai buɗe shi ya gyara da kayan da ke hannunsa.

A nawa ganin, ka riƙe janaretanka, ka rage cajin, ka wanke matatar iska, ka sa mai gyara ya daidaita gwamnan injin, wato abin da ke riƙe gudunsa, yana riƙe da mitar awo a hannu har ta tsaya kusa da 50Hz yayin da nauyi ke kansa. Idan kana son caji mai sauri, abin da za ka nema shi ne janareta wanda ƙarfinsa ya ninka abin da caja da kayan gida suke ja sau ɗaya da rabi zuwa biyu, kowane iri ne. Ƙaramin janaretan Tiger kuwa kada ma a kawo shi cikin maganar.

Wayar janaretan ta shiga ta ƙofar shigar wuta ta inbatar kawai, domin haɗa ta da ƙofar fita yana iya ƙona inbata nan take. Shi kansa injin ya zauna a fili nesa da taga, ba a zaure ko ƙarƙashin matakala ba, saboda gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari kuma tana kashe mutane cikin barci.