Gargaɗi ga masu gina bene a Maraɗi game da masu karɓar kuɗin ƙarfen matakala da hoton kwamfuta

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina kira ga duk wanda yake gina bene a Maraɗi da kewaye, musamman waɗanda suke ci-rani a Libiya, Aljeriya, Kwatano ko Abijan suna aiko da kuɗi ana yi musu gini a gida, da su yi hattara da wata damfara da ta ɓullo ta WhatsApp da Facebook. Wasu mutane ne suke tallar cewa suna ƙera ƙarfen dafawa na matakalar bene da na baranda, suna yaɗa hotuna masu ɗaukar ido da sunan aikin hannunsu, alhali hotunan nan zanen kwamfuta ne da ba a taɓa ƙera ko sanda ɗaya daga cikinsu ba.

Yadda suke yi kusan iri ɗaya ne. Mutumin zai nemi ka turo masa hoton matakalarka, bayan kwana ɗaya ko biyu ya dawo maka da hoto mai sheƙi wanda aka ɗora wa ƙarfe fari da gilashi, har zuciyarka ta ba ka cewa aikin ya gama haɗuwa. Daga nan sai ya ce irin wannan ƙarfen babu shi a kasuwar Maraɗi, sai an sayo a Kano an shigo da shi ta Jibiya da Ɗan Issa, kuma dole a hanzarta kafin canjin naira ya motsa, don haka yana son rabin kuɗin ko fiye a matsayin kafin alƙalami, ta kamfanin aika kuɗi, da sunan wani da zai ce yaronsa ne. Wani ɗan uwana da yake gini a unguwar Ali Ɗan Sofo ya faɗa hannun ɗaya daga cikinsu. Bayan kuɗi sun shiga, sai uzuri ya fara bin uzuri, yau an tsare mota a iyaka, gobe mai walda ya yi rashi, har aka wayi gari lambar ta daina shiga. Shagon da ya kwatanta masa kuwa, da aka je, sai aka tarar na wani bawan Allah ne mai gyaran babur da bai taɓa jin sunansa ba.

Abin da ya kamata kowa ya gane shi ne, fitar da irin wannan hoto ba ya buƙatar sanin ƙira ko kaɗan. Manhajar zane ta SketchUp tana da wani rumbu a intanet da ake kira 3D Warehouse, inda kowa zai iya sauko da zanen matakala da ƙarfenta wanda wani ya riga ya yi, a kyauta. A manhajojin zanen gini na Revit da ArchiCAD kuwa, da ka ja layi a gefen matakala, manhajar da kanta take jera sandunan ta bi gangaren benen. Sai a wuce da zanen cikin manhajar Lumion ko makamancinta a sa masa haske da inuwa har ya zama tamkar an ɗauka da kyamara. Waɗannan manhajoji kayan aiki ne na ƙwarai, kuma akwai matasa masu zanen gini a garin nan da suke cin halaliyarsu da su. Ɓarnar tana wajen wanda ya mai da su tarko.

Zanen da mai walda zai yi aiki da shi daban yake da hoton talla, domin dole ne ya zo da awo a rubuce. A ƙa'idar Faransa ta NF P01-012, wadda masu ilimin gini na ƙasashenmu suka saba dubawa, tsayin ƙarfen kariya a baranda da wurin hutawar bene aƙalla mita 1 ne, a kan gangaren matakala kuma kada ya gaza santimita 90, sannan tazarar da ke tsakanin sanduna na tsaye kada ta wuce santimita 11, saboda kada kan ƙaramin yaro ya shige. Wannan batun tazara ya fi komai damuna, domin gidajenmu cike suke da yara, kuma yawancin hotunan da ake yaɗawa suna nuna sanduna a kwance masu faɗin tsakani, waɗanda yaro zai taka ya hau kamar tsani. Duk wanda ya kawo maka hoto ba tare da waɗannan alƙaluma ba, ba tare da nuna inda za a kafa kowane ginshiƙi da yadda za a ɗaure shi a jikin kankare ba, to bai shirya yin aikin ba.

Haka kuma matakalar kwamfuta kowane taki daidai yake da ɗan uwansa, amma wadda magina suka zuba da hannu sau da yawa akan sami bambanci tsakanin takin farko da na ƙarshe, ga kuma kaurin tayil da zai ƙaru daga baya. Saboda haka maƙerin gaskiya ba ya yanke farashi daga hoto, sai ya zo da kansa ya sa awo a kan benen.

Akwai kuma waɗanda ba sa guduwa, amma suna kawo abin da bai kai wanda aka yi ciniki a kansa ba. Farin ƙarfen da ba ya tsatsa iri-iri ne. Mai lamba 304 ya fi tsada kuma ya fi jure damina, mai lamba 201 kuwa yana da araha, kuma yakan fara ɗigon tsatsa idan yana shan ruwa a waje. Ido ba ya bambanta su ranar da aka kafa, kuma gwajin maganaɗisu da mutane suke dogara da shi ba ya raba waɗannan biyun, domin duka ba sa kama shi sosai. Kaurin bangon bututun ƙarfen ma abin lura ne, don wanda bai kai milimita 1 ba yana lotsawa idan babban mutum ya jingina da ƙarfi, ga shi yana hujewa wajen walda. A rubuta lambar ƙarfen da kaurinsa a takardar ƙiyasi, a kuma auna bakin bututun a gabanka kafin a fara yanka.

Kafin ka ba kowa ko dala ɗaya, ka tura amintacce ya ga shagon da idonsa, ya ga injin walda da ma'aikata, sannan a kai shi gida ɗaya ko biyu a cikin garin nan inda aka kafa aikin mutumin, ya kama ƙarfen ya girgiza, ya kuma yi magana da mai gidan. Idan maƙerin ya ce shi ya yi zanen, ka ce ya buɗe shi a kwamfuta a gabanka, ya juya shi ta kowane ɓangare, ya rage tazarar sanduna kana gani. Wanda ya kwafo hoto kawai ba zai iya ba. Za ka iya kuma sa hoton a Google Lens, manhajar binciken hotuna, ka ga ko ya riga ya fito a wasu shafuka na ƙetare. Biyan kuɗi ya kasance kashi-kashi, da takarda da shaidu biyu, kuma sunan mai karɓa ya zama sunan da ke kan katin shaidar wanda kuka yi ciniki da shi.

Wanda kuma abin ya riga ya faɗa masa, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya adana saƙonnin murya, da hotunan, da rasidin aika kuɗin mai ɗauke da suna da lambar wanda ya karɓa, ya kai ƙara ofishin ƴan sanda ko na jandarma mafi kusa. Nijar tana da dokar hukunta laifukan intanet tun shekarar 2019, kuma rasidin nan shi ne hanyar farko da masu bincike za su bi su kai ga mutumin.