V-Strom 650XT a hawan yau da kullum, da kayan da na ƙara masa

Mutane suna yawan tambayata wai irin waɗannan manyan babura na doguwar tafiya suna yin zirga-zirgar yau da kullum kuwa, ko sai dai a lulluɓe su a jira ranar da za a yi nisa. To bari in faɗi abinda na gani a nawa. Suzuki V-Strom 650XT ne, irin ƙirar da ta fara fitowa a 2017, na hannu na saye shi, kuma da shi nake zuwa aiki da shi nake zuwa ko'ina, doguwar tafiya kam sai jefi-jefi in an samu hutu.

Injin ɗin shi ne abinda ya fara kama ni. 645cc ne, silinda biyu masu siffar V, asalinsa daga SV650 aka ɗauko shi, kuma tun 2004 ake yin V-Strom 650 da wannan injin ana ta gyara shi kaɗan-kaɗan, shi yasa da wuya ka samu bakaniken manyan babura da zai ce bai san cikinsa ba. Ba shi da haukan gudu, ƙarfinsa wajen doki 70 ne, amma ƙarfin yana nan tun daga ƙasa, kana giya uku a cikin gari ka rage gudu sosai ka sake murza totur zai ɗauka ba tare da kakari ko fizga ba. A cunkoso akwai wani tsari da suka sa masa wanda yake ɗan ɗaga injin da kansa lokacin da kake sakin kuloci, wallahi wannan ƙaramin abu yana rage wahala, don da wuya ya mutu maka a tsakiyar titi ana ta maka hon. Tankinsa lita 20 ne, ni a hawana lita ɗaya tana kai ni sama da kilomita 20, kaga kenan in na cika shi ina iya haura kilomita 400 kafin in fara neman gidan mai.

Nauyi dai akwai shi, kar wani ya ruɗe ka. Kilo 216 ne da mai da komai, tsayin kujera kuma milimita 835. Yana tafiya ba ka jin komai, amma wajen tura shi baya a fakin ko juya shi a matsattsen wuri nan ne zaka san ka ɗauko babba. Abinda na saba yi shi ne tun kafin in tsaya nake duba inda zan fita, in wurin da gangara in faka shi baya na kallon ƙasa don in zo in fita da injin, sannan a tsayawa ƙafa ɗaya nake saukewa sosai ɗayar tana kan birkin baya, ya fi a ce kana ɗangyashi da yatsun ƙafa biyu.

Yanzu maganar kaya, wadda ita ce ainihin dalilin rubutun nan. Mai shi na farko ya bar min manyan akwatunan alminiyom guda biyu a gefe. Suna da kyau a ido, suna cin kaya, ruwa baya shiga, amma cikin gari sun mayar da babur ɗin ya fi hannunsa faɗi, inda kan babur ya wuce sai bayan ya ƙi wucewa, kullum hankalinka yana baya kana tsoron kar ka karce motar wani. Ga nauyinsu da na ƙarafan da suke riƙe su ko da babu komai a ciki. Na kwance su na ajiye, sai ranar tafiya mai kwana nake mayarwa. A madadinsu akwati ɗaya na sa a baya, matsakaici wanda hular kwano da rigar ruwa da safar hannu suke shiga, shi kenan. Shi ma akwatin bayan kar ka cika shi da ƙarfe, domin nauyin yana sama kuma yana bayan tayar baya, in ya yi yawa zaka ji gaban babur ya yi sakayau yana ɗan rawa idan gudu ya yi gudu. Kayan aiki masu nauyi ƙasa ake sa su, kusa da tsakiya.

In aka ce in zaɓi abu ɗaya tak cikin duk abinda na ƙara, dabul sitan zan zaɓa. Baya zuwa da shi daga kamfani, saye ake yi daban. Mutane basa ɗaukarsa a bakin komai saboda baya ƙara wa babur kyau, amma da shi ne tayar baya take ɗagewa ka juya ta da hannu ka wanke sarƙa ka sa mata mai ka duba sakinta, wanda littafin babur ɗin ya ce ya kasance milimita 20 zuwa 30, kuma in ka samu faci a hanya kana juya tayar a hankali har ka ga ƙusar. Aikin da da sai ka yi ta tura babur gaba kaɗan-kaɗan yanzu minti biyar ya gama, kuma aikin da ya yi sauƙi shi ne ake yi akai-akai, shi yasa sarƙata take daɗewa. XT ɗin wilinsa na waya ne amma tubles, don haka ƙaramin kayan faci na igiya da ɗan famfo mai aiki da batir suna nan a akwati kullum.

Sai kariya. Ka durƙusa a gaban babur ɗin ka leƙa bayan tayar gaba, zaka ga filtar baƙin mai da bututun salansa na silindar gaba suna nan ƙasa suna kallon duk dutsen da taya ta watso. Abinda XT yake zuwa da shi a wurin murfin roba ne, ya isa ga mai kwalta zalla, amma ni ina bin hanya mai tsakuwa lokaci-lokaci don haka na sa farantin alminiyom mai kauri. Ran nan ina wanke shi na ga wata lotsawa kamar faɗin babban yatsa daidai saitin filtar, fentin ya tashi ƙarfen ya yi fari, ban ma san lokacin da dutsen ya buga ba. Na daɗe ina kallon wurin. Da filtar ya samu, man zai zube ne a hanya. Ƙarafan kariya na gefe su ma na sa, ba don babban haɗari ba Allah ya kiyaye, don faɗuwar tsaye, irin wadda ƙafa take zamewa kan yashi babur ya kwanta a hankali, ita ce take fasa roba ta lanƙwasa liba. Wajen ɗaura su a tabbata an ɗaure notikan da ma'aunin da aka rubuta tunda wasu a jikin injin suke kamawa, kuma a sake bi a duba bayan an ɗan hau, girgiza tana sassauta su.

Taya kuwa nan ne na fi ganin mutane suna saye da ido. Gaba 110/80 ce mai inci 19, baya 150/70 mai inci 17. Kowa yana son mai manyan haƙora saboda ita ce take sa babur ya yi kama da na masu ratsa daji, amma ka tambayi kanka tsakani da Allah, cikin kilomita ɗari nawa kake yi a ƙasa? In amsar bata wuce goma ko ashirin ba, mai manyan haƙoran zata yi ta maka kuka a kwalta, ta cinye da wuri, kuma ranar ruwa birki baya kamawa kamar yadda kake so. Ni Michelin Anakee Adventure na sa, wadda aka yi ta kashi 80 kwalta 20 ƙasa, a kwana tana kwanciya sumul, a jiƙaƙƙen titi hankalina a kwance, a tsakuwa kuma tana yi daidai gwargwado in ba taɓo aka shiga ba. In zaka sayi taya ka duba lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ya fara da DOT a gefenta, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekara, sabuwar taya da ta tsufa a ajiye robarta ta riga ta fara taurin kai. Iska kuma ana duba ta ne taya tana da sanyi, a ma'aunin iska na PSI 33 gaba 36 baya in kai kaɗai ne, da goyo bayan ya koma 41.

Akwai gyara ɗaya da ko sisi baka kashewa kuma da yawa basa taɓa shi, wato mamurɗin shokozoban baya, wanda ake saita shi gwargwadon nauyin da aka ɗora wa babur. Yana nan a gefe, da hannu ake murɗa shi ba sai da sipana ba. In ka ɗauki goyo ko lodi baka ƙara masa ba bayan zai zauna, fitila ta koma haska sama tana kashe wa masu tahowa ido, kwana ta yi nauyi, ƙasan babur ya riƙa kusantar tudun rage gudu tunda dama tazararsa da ƙasa milimita 170 ce. Ka murɗa kaɗan ka hau ka ji, ka sake murɗawa, har ka samu inda ya zauna maka, ka riƙe lissafin na kai kaɗai da na goyo. Kafin ka fara tunanin sayen sabon shokozoba ka fara da wannan.

Gilashin gaba shi ne abinda ba wanda zai iya zaɓa maka. Duk babur mai tsayayyen gilashi iska tana karyewa a bakinsa ta dawo tana kaɗawa, in tsayinka ya sa kanka ya faɗa daidai wurin sai ka ji hular kwano tana bubbuga kamar ganga, bayan awa guda kai ya ɗau ciwo. Na wannan yana da matsayi uku, kwance kusoshi ake yi a matsar. Na gwada dukkansu, abinda ya yi min shi ne na tsakiya da wani ɗan ƙaramin fiffike da ake maƙalawa a samansa yana tura iskar ta wuce kai. Wani kuma gajeren gilashi ne maganinsa, iska ta same shi a ƙirji tsaf babu kaɗawa. Dabarar gwaji mai sauƙi, kana tafiya a hanyar da ba kowa ka ɗan ɗaga jikinka ko ka ɗan sunkuya, inda ka ji shiru ya zo shi zai nuna maka ko ɗagawa zaka yi ko ragewa. Abin toshe kunne ma yana taimakawa sosai a doguwar hanya.

Abinda ya ɓata min rai cikin kayan nan wasu ƙananan fitilun LED ne marasa suna. Hasken kamar gaske a farko amma watsuwa yake ko'ina babu iyaka a sama, masu tahowa suna ta min filashin, ruwan farko da ya same su ɗaya ta yi gumi a ciki ta fara ƙyaftawa. Na cire na sa masu yankakken haske, na saita su ƙasa, suka zama don a gan ni da rana da kuma haska gefen hanya da dare. Dan Allah duk wanda zai sa fitila ko cajar waya ya bi da ita ta rile, wato ɗan makunnin nan da wutar makulli take kunnawa, da fiyus ɗinta daban, yadda in ka kashe makulli komai ya mutu, kar a yarda a feɗe wayarin ɗin babur a murɗa a naɗe da salatif, nan ne matsalar wuta take farowa kuma nemanta daga baya azaba ne. Soket ɗin 12V yana nan kusa da mita tun daga kamfani, ya ishi waya.

Salansa ban canza ba kuma ba ni da niyya, mai fita da asuba ya dawo da dare ƙara ba alheri bace gare shi ko ga maƙwabta. Abinda nake dubawa yanzu shi ne siforket ɗin gaba, na asali haƙori 15 ne, in aka sa mai 16 juyin injin yana sauka da kusan kashi 6 cikin ɗari a babban titi, ya rage ɗan zirin da kake ji a hannu, amma tashi daga tsaye zai ɗan yi sanyi kuma ni rabin rayuwata a cunkoso take, don haka sai lokacin canza sarƙa ya zo in yanke shawara.

A hanyar ƙasa kuma a san iyakarsa. Burji da tsakuwa da ramuka yana cinye su, na'urar hana tayar baya sulɓi tana da mataki biyu kuma ana iya kashe ta, a tsakuwa kashewa nake yi don kar ta riƙa yanke min wuta a hawan tudu. ABS ɗin kuwa, wato tsarin da yake hana taya ƙamewa in an taka birki, ba shi da makashi, don haka a gangara mai ƙasa sako-sako da giya nake rage gudu tun daga sama. Wanda zuciyarsa take kan yashi mai zurfi da duwatsu ya duba masu tayar gaba inci 21 da dogon shokozoba, irin V-Strom 800DE da ya fito a 2023 ko Yamaha Ténéré 700, waɗannan don can aka yi su, kuma kujerunsu sun fi wannan tsayi, ya je ya hau ya ji ƙafarsa tana kaiwa ƙasa kafin ya biya.