Cefanen sati a Kano: Yankaba ko mai teburin unguwa?

'Yan uwa maganar cefanen kayan miya ce yau, don ta nan kuɗin gida ke zurarewa ba a sani ba, kullum a aiki yaro wajen mai tebur ya siyo tumatir da attaruhu na girki ɗaya, gobe ma haka, in an zauna an lissafa ƙarshen wata sai kiga kuɗin ya isa a ciko bokiti a kasuwa har da canji. Ni dai abinda na tsaya a kai shine kar ki tsara abincin sati kina zaune a ɗaki sannan ki tafi neman kayan, ki fara sanin me ake yayi a kasuwa a wannan lokacin, shi zai faɗa miki me za'a ci.

Mai teburin unguwa yana da ranarsa gaskiya, yana kusa, ba kuɗin adaidaita, in kun saba har bashi zai baki ya ƙara miki gyara. Amma shima daga kasuwar Yankaba ya saro, ya ɗora kuɗin mota da ribarsa da asarar wanda ya ruɓe masa, duk a cikin ɗan kashin nan da yake kasa miki. Ganye ne kawai nake ganin ya fi dacewa a siya wajensa, alayyahu, salak, lawashi, saboda waɗannan basa son kwana.

Kasuwanni irin Rimi da Tarauni da Sabon Gari su ne tsaka-tsaki, ga zaɓi ga ciniki, kuma kina iya haɗawa da nama da kifi a fita ɗaya. In gidanku ku uku ne ko huɗu, nan ya ishe ki wallahi, ba sai kin wahalar da kanki ba.

Yankaba kuma, can kan titin Haɗeja, ita ce uwar kayan gwari a Kano, nan motoci ke sauke kwanduna da buhuna tun asuba. Arha kam akwai, amma sai ga wanda ya shirya mata. Ki je da sassafe kafin rana ta daki kaya, kuma kwando ba'a siyansa da kallon sama, manyan ake jerawa a baki, ki ce a ɗan zazzage miki ko a sa hannu ta gefe kiga na ƙasa, in ruwa na tsiyaya ta gindin kwandon ki wuce abinki ko da an ce miki rabin kuɗi. Sannan ki lissafa da mai dako da kuɗin adaidaita da na markaɗe da gawayi ko gas ɗin da zaki tafasa shi, don wasu sai su ce sun yi arha alhali basu sa waɗannan a lissafi ba. Hanyar da tafi ita ce ku haɗu ku uku ko huɗu, maƙota ko 'yan uwa, a ɗauki kwando guda a raba da bokitin fenti, kowa ta samu na sati biyu babu mai asara. Masu mota kuma in lokacin kaka ne na tumatir suna miƙawa har Kwanar Gafan a hanyar Zariya, kusa da gonakin Kadawa da Kura da ake shayarwa da ruwan Tiga, can daga gona ake fitowa da shi, sai dai wannan tafiya ta mai son shanya ce ko mai biki.

Lokaci shine komai a harkar nan. Daga Janairu zuwa Maris tumatirin rani ke cika gari, tare da tattasai, karas, kabeji, salak da sabuwar albasa, lokacin ne zaki ci miyar dage-dage da shinkafa dafa-duka yadda ranki ke so. Da zafi ya shigo wajen Afrilu da Mayu sai ya fara ja baya, zuwa farkon damina ya zama sai wane da wane, ga kuma tsutsar nan da manoma ke kira sharon wadda ta cinye gonaki a 2016 har tumatir ya gagari mutane, kuma har yanzu takan dawo in zafi yayi yawa. To a irin wannan lokacin ban ga dalilin da zaki dage sai jar miya kullum ba, ga damina ta kawo ɗanyar kuɓewa, rama, yakuwa, lalo, tafasa, zogale, yalo, daga baya kabewa ta shigo, duk a araha kuma sun fi amfani a jiki.

Sai maganar tumatir ɗanye da kauɗa, wato busasshe, da na leda. In zaki siyi ɗanye ki nemi UTC, mai ɗan tsawo mai tauri, ruwansa kaɗan ne tsokarsa da yawa, yana kwana kuma miyarsa tana kauri, shi kuwa mai ruwan nan yafi arha amma kina soyawa zai ƙone ya koma ɗan kaɗan ga tsami. Fasasshe da ake kasawa gefe, in yau ya fashe kuma yau zaki dafa ba laifi, amma wanda ya fara farin fumfuna ko wari don Allah ki barshi, lafiyar yara tafi wannan ragin. Kauɗa ni ina sonta sosai, matsalarta ɗaya ƙasa, don da yawa a ƙasa ake shanyawa, ki zaɓi mai ja wadda bata yi baƙi ba, ki jiƙa da ruwan ɗumi ki wanke sau da yawa, ki haɗa da busasshen tattasai da albasa mai yawa a markaɗa, ba kowa zai gane ba ɗanye bane. Wadda kika yanka kika shanya da kanki a kan tabarma ko kwanon rufi lokacin arha tafi kowacce. Na leda da na gwangwani kuwa taimako ne don kala, kar ya zama shine miyar.

Albasa ki siye ta da yawa tana fitowa, ta Aliero ko ta Galmi mai ja, wadda wuyanta ya bushe, ki baza a inuwa inda iska ke shiga, kar a leda. Dankalin turawa na Jos ki guji wanda yayi kore ko ya fara tsiro.

Tsarin satin kuma a bi shi da wanda yafi saurin lalacewa, musamman da wutar nan tamu da ba'a dogara da firji. Ranar cefane ki markaɗa kayan miya gaba ɗaya ki tafasa har ruwan ya ƙone, ki soya rabi da mai. Kwana biyun farko a cinye ganye, faten tsaki da alayyahu ko yakuwa, miyar taushe, kwaɗon rama. Tsakiyar sati ɗanyar kuɓewa da tuwo, kabeji da karas a dambu ko a kan shinkafa da wake, don su suna jurewa in kin naɗe a takarda kin sa a wuri mai sanyi. Ƙarshen sati sai a koma kan busassu, miyar kuka, busasshiyar kuɓewa, ɗanwake da mai da yaji, faten dankali da ragowar markaɗen. In maigida ne ke zuwa kasuwa, ki rubuta masa kala biyu a kowane abu, misali alayyahu in ba kyau a kawo rama, kuma ya kira ki daga can ya faɗa miki me ya gani da yawa kafin ya biya.