Ofishin lauyan da na kai maganar ɗan hayarmu a Abuja, ga yadda na gan su

Na yi alƙawarin zan faɗi yadda muka ƙare da lauyan nan na Wuse da wani abokina ya haɗa ni da shi, to ga shi. Ba zan kama sunan ofishin ba.

Gidan Hajiyarmu ne a Kubwa, ni nake kula da shi, ɗan hayan kuma na shekara-shekara ne, kuɗinsa yana ƙarewa ƙarshen Disamba. Ƙanena zai yi aure muna son gidan, sai na rubuta masa notis ɗin tashi da kaina na miƙa masa ranar 3 ga Yuli. Mutumin nan ya yi shiru abinsa har Disamba ta zo, sannan ya kira ni yana dariya wai Alhaji ai notis ɗinka bai cika wata shida ba, saura kwana uku, don haka sai dai a sake lale. Kwana uku fa jama'a! Mutumin da tun azumi na faɗa masa da baki.

Abin da ya fara ɓata min rai a ofishin shi ne jira. An ce min ƙarfe 10, Barista bai shigo ba sai kusan azahar wai yana kotu, ba wanda ya kira ya sanar da ni, sakatariyar tana ta danna waya, fankar ɗakin jiran ma ƙara kawai take ba iska. Kuɗin ganinsa naira dubu 20 kuma sai ka biya kafin ka zauna. Amma sun ba ni rasit, wannan na yaba.

Da ya zauna dai na manta da haushin. Ya ɗauki takardar tawa ya ƙirga kwanakin da biro a kan kalanda ya ce gaskiya ɗan hayanka bai yi ƙarya ba, dokar haya ta Abuja ta ce ɗan shekara wata shida, ɗan wata-wata kuma wata ɗaya, bayan nan a ƙara masa wata takardar ta kwana 7 kafin a je kotu, sai dai in yarjejeniyarku ta faɗi wani wa'adin daban. Na ce ranka ya daɗe to ai manufar dokar kar a tashi mutum bagatatan ne, shi kuwa wannan ya san da maganar tuntuni. Ya ce ai wannan gardamar har Kotun Ƙoli ana yinta. Ya ba ni labarin shari'ar Pillars da Desbordes ta wani fili a Legas, wadda aka yi fiye da shekara 20 ana ja kafin a yanke a 2021, inda Mai Shari'a Ogunwumiju ta nuna cewa in har an kai wa ɗan haya sammacin kotu ai ya san ana son gidan, ɗan kuskuren notis ba zai zama mafaka ba. Har na fara murmushi sai ya ɗaga hannu, ya ce kar ka yi saurin murna, ita wannan kotun ce dai a 2007 a shari'ar Okafor da Nweke ta yi watsi da takardu saboda an sa hannu da sunan kamfanin lauyoyi maimakon sunan lauyan. Wato ba ka san wace ƙafa alƙalin da za ka faɗa hannunsa zai taka ba.

Shawararsa ita ce a sake sabon notis mai tsabta, kar mu je muna roƙon alƙali ya duba niyya. Da na ce to ko in yanke masa wuta da ruwa ya gaji ya fita, sai fuskarsa ta canza, ya ce kai da kake kukan a duba manufar doka, manufarta ke nan ta hana irin wannan, in ka cire ko ƙyaure ɗaya kai za ka biya diyya. Na ji kunya wallahi.

Turancinsa ya yi yawa, sau biyu ina cewa Barista dawo Hausa. Amma washegari aka kai sabon notis ɗin, yaron ofis ya sa ɗan hayan ya sa hannu ya turo min hoto ta WhatsApp. In za ku je ku kira tukuna ku tabbatar yana nan, kuma ku tafi da yarjejeniyar haya da rasitan baya, ni sai da na koma Kubwa na ɗauko.