Masunta a Yi Hattara: Injin Jan Taru da Ake Tallatawa a Waya Damfara Ce

Assalamu alaikum. Wannan saƙo na masunta ne, musamman na yankinmu, daga Yauri zuwa Ngaski da Wara, har Shanga da Bagudo, da duk wanda ke da ɗan'uwa mai cin abinci a bakin ruwa. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, don yawancin waɗanda ake cuta murya suke saurare a WhatsApp, rubutu bai dame su ba.

Ni makaniken injin jirgi ne a Yelwa. Kafin in dawo gida na yi shekaru ina koyon aiki a Legas, kusa da inda manyan jiragen kamun jatan lande ke ɗaurewa, kuma na sha shiga cikinsu ina riƙe wa maigidana sifana. Na faɗi haka ne don a san ba shaci-faɗi nake ba. Kuma abin a gidanmu ya faru. Kawuna ne, ƙanin mahaifiyata, aka yi wa.

Kawu yana da taru, kuma kowa ya san taru ba aikin mutum ɗaya ba ne. Da can in ya daga murya samari goma za su fito. Yanzu rabinsu sun tafi haƙar zinare, waɗanda suka rage kuma sai sun ga dama, kason da suke nema ya kusa cinye ribar. Shi ga shekaru, ga ciwon baya. A cikin wannan hali wani bidiyo ya faɗo zauren masunta na WhatsApp. Na gan shi daga baya. Wani inji ne mai ganguna biyu yana naɗe igiyar ƙarfe, sai ga jakar raga ta taso daga ruwa tana ɗiga, wani ya saki ƙullin ƙasanta, jatan lande ya zube tsibi guda a kan daɓen jirgi. A kai aka ɗora muryar wani mutum, Hausa tsantsa, ya fara da bisimilla da salati. Ya ce shi Injiniya ne, wai wani kamfani a Legas ya sauya wa jiragensa injina, tsofaffin ake karyarwa, shi kuma kishin 'yan'uwansa na Arewa ya sa ya riƙe musu 'yan kaɗan. Wai mutum ɗaya da maɓalli ɗaya zai yi aikin mutum goma. Wai kowane kwale-kwale zai ɗauka. Saura guda huɗu.

Kullum saura guda huɗu ne, ko yau ka kira shi.

Kawu da abokan sana'arsa uku suka haɗa kai. Ɗaya ya ɗauki kwasar adashinsa, Kawu ya sayar da san da yake turkawa. Kuɗin inji naira 850,000, aka ce su ba da 400,000 kafin alƙalami. Suka je wajen mai POS suka tura. Yaron POS ɗin ma ya ce musu, “Baba, sunan mace ne fa ya fito.” Aka kira Injiniya, ya ce ai akawun na sakatariyar kamfani ne. Bayan kwana uku ya nemi 45,000 kuɗin mota. Bayan kwana biyu kuma ya kira hankali tashe, wai kwastam sun tare motar tsakanin Jebba da Mokwa, sai an ba su 60,000. Kayan da aka ce tsoho ne, daga Legas ya taso zuwa Yauri, bai ƙetare iyakar kowace ƙasa ba, amma aka biya. Wanda ya riga ya zuba dubu ɗari huɗu, sittin ba ta yi masa nauyin da zai tsaya tambaya.

Inda mutumin nan ya fi sauran 'yan damfara wayo shi ne, kaya sun iso. Ya turo hoton akwatin katako an buga masa ƙusa, da sunan Kawu a jiki da baƙin fenti, ya ce direba ba zai sauke ba sai an cika. Suka ciwo bashi suka cika. Aka ɗauko akwati daga tasha a amalanke, yara na bi. Sai da aka ɓalle shi sannan Kawu ya aiko a kira ni.

Ina leƙawa gabana ya faɗi. Winci ne na mota, irin wanda ake ɗaura wa Hilux a gaba don ta ja kanta in ta kafe a taɓo. An shafe shi da shuɗin fenti, har fentin na kama yatsa. Na sa wuƙa na kankare gefe, sai ga rubutun asali: 12V, 12000 LBS.

Na ce, “Kawu, me ya sa ba a tambaye ni ba? Shagona fa ko minti goma ba a yi daga nan.”

Ya daɗe bai ɗago ba. Can ya ce, “Ɗana, cewa ya yi kada mu gaya ma kowa, in mutane sunka ji za a riga mu. Kuma na san in na gaya maka hana ni za ka yi.”

Wannan maganar ta fi kuɗin ci mini rai.

Duk da haka ya ce a gwada, ko Allah zai sa. Muka ɗaure shi a kan katako a bakin ruwa, muka kafa turaku, na aro batirin babbar mota. Igiyar ƙarfen da ke jiki ba ta kai mita 30 ba, alhali igiyar taru ɗaya ta ninka haka sau da yawa, sai dai a ja, a kwance, a warware, a sake ɗaurawa. Ja kuma kamar tafiyar hawainiya, yaro ɗan shekara goma ya fi shi sauri. Ba a jima ba jikin motar injin ya ɗauki zafi, na ɗiga masa ruwa ya yi cuu, sai ƙaurin waya. Batir ya kwanta. Masu kallo suka watse ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya yi dariya, don kowa ya san abin da aka sayar aka sayo shi.

Ba laifin wincin ba ne. An ƙera shi ne ya yi ja mai ƙarfi na ɗan lokaci, ya fitar da mota daga rami, a bar shi ya huce, kuma injin motar na kunne yana ciyar da batir. In ya ɗauki kaya yana zuƙar wuta ɗaruruwan amfiya. Lambar 12000 ɗin nan laba ce, wajen kilo 5,400, ita ke ruɗar mutane. Ƙarfin fizga daban, juriyar aiki dare guda daban.

To shi na cikin bidiyon fa? Gaskiya ne akwai shi, na taɓa shi da hannuna. Amma ku ji inda yake zaune. Jirgin kamun jatan lande na teku jirgin ƙarfe ne, tsawonsa ya haura mita 20, da injin dizal mai ƙarfin doki ɗaruruwa a cikinsa. Yana da dogayen sanduna biyu na ƙarfe da ake buɗewa dama da hagu kamar fukafukai, kowane yana jan raga a ƙasan teku. A bakin ragar akwai allunan katako da ƙarfe masu nauyi waɗanda ruwa ke turawa su buɗe ta. Jirgin na tafiya a hankali yana sharar ƙasa na tsawon sa'o'i, sannan a kunna winci ya naɗo waya, alluna su taso, a ɗaga jakar. Wincin kuwa ba shi da rai na kansa. Daga babban injin jirgi yake samun ƙarfi, ko ta bel da sarƙa, ko ta famfon haidirolik mai tura mai cikin tiyo, da tankin mansa da komai. An kafe shi da manyan kusoshi a daɓen ƙarfe, nauyinsa kaɗai ya isa ya nutsar da kwale-kwalen katako. Yamaha 15 ko 40 da muke ratayawa a bayan jirgi farfela kawai aka yi shi ya juya, ba shi da wurin da za a haɗa famfon da zai motsa wannan abu. Ko kyauta aka ba ka na gasken, sai dai ka kai shi wa 'yan gwangwan su auna.

Kuma a teku ake wannan sana'a, can gaɓar Legas zuwa Neja Delta. Ko a can dokar kamun kifi ta teku ta 1992 da ƙa'idojinta sun hana waɗannan jirage ja a cikin mil biyar na ruwa daga gaɓa, wajen kilomita 9, an bar wurin ga masu kwale-kwale. Jatan landen da suke kamawa a daskare ake fitar da mafi yawansa Turai. Busasshen kirafish da matanmu ke saya a kasuwa su daka a miya, shi ma daga bakin teku ake hauro da shi, irin su Oron a Akwa Ibom. Mu namu giwan ruwa ne da ƙarfasa da tarwaɗa da kurungu da warangi.

Sannan a tuna abin da ke ƙarƙashin ruwanmu. Tafkin Kainji ba haka Allah ya ajiye shi ba, madatsa ce aka gama a 1968, ruwa ya hau kan gonaki da daji da garuruwa, har tsohuwar Bussa, aka tayar da dubban mutane. Itatuwa da yawa ba a sare ba, suna nan tsaye a ƙasa. Duk mai tuƙi ya san kututturan da ke leƙowa in ruwa ya ja baya, ni kuma na san su ta farfelolin da ake kawo mini. Idan taru ya sarƙe a kututture, hannu na ji, sai a dakata, wani ya yi nutso ya kwance. Inji ba ya ji. Zai ci gaba da ja har raga ta kece, ko igiya ta tsinke ta yi bulala a kan wanda ke kusa. In kuwa a cikin jirgi aka kafa shi, jirgin ne zai bi igiya ya karkata. Da wincin Kawu ya yi aiki yadda aka yi alkawari, ina jin da asarar ba ta tsaya ga kuɗi ba.

Akwai wata magana da ba a son faɗa, amma zan faɗa. Tun ƙarshen shekarun 1990, lokacin aikin haɗin gwiwar Najeriya da Jamus kan kamun kifi a tafkin, aka haramta dala, tarun nan mai ƙananan idanu da ke kwashe har 'ya'yan kifi. Mutumin nan ya san haka sarai. Da muka kira shi, kafin ya toshe lambarmu, abin da ya ce wa Kawu ke nan: ya je ya kai ƙara, in an tambaye shi wane irin taru zai ja da injin sai ya yi bayani. Tarun Kawu ba dala ba ne, amma barazanar ta kama abokansa biyu, suka ce a bar wa Allah. Da shirun irin wannan yake cin kasuwarsa. Bayan maganar ta fita, mutum uku suka same ni a shago a ɓoye, daga ƙauyuka daban-daban. Su ko akwati ba su gani ba. Ɗaya an ce masa tallafin gwamnati ne, kuɗin fom da na rajista kawai zai biya.

Abin mamaki, malamai in za su ba da misalin cinikin garari, wato cinikin abin da ba a tabbatar ba, sayar da kifi a cikin ruwa suke kawowa. Kawu bai taɓa karɓar kuɗin kifin da bai kama ba. Amma ya sayi inji a cikin waya.

Don haka duk wanda ya zo muku da maganar inji, ku ce ya kira ku ta bidiyo yana tsaye kusa da shi, ya kunna, ya ambaci sunanku. Ku ce ya nuna farantin ƙarfen da ke jiki mai sunan maƙera da lambobi. Ku tambaye shi da me injin ke samun ƙarfi, in ya ce batirin mota, an gama magana. Ku tambayi masunci ɗaya tak a tafkin nan ko a gulbi da ke aiki da shi, ku hau jirgi ku je ku gani da ido. In ya ce kamfani ne, ya ba da lambar rajista, yaran da suka iya waya za su duba ta kyauta a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, kuma sunan akawun ya zo daidai da na kamfanin. Wanda ke da ɗan'uwa a Legas ya tura shi wurin. Ba a cinikin biri a sama. Ga Sarkin Ruwa a kowane gari, ga ma'aikatan sashen kifi na jiha, ga cibiyar binciken kifin ruwan daɗi a New Bussa, tambaya ba ta cin ko sisi. Mu makanikai ma ba ma karɓar kuɗin duba hoto.

Wanda kuma ya riga ya tura, kada kunya ta zaunar da shi. A ranar ya je banki, ko wajen mai POS ɗin ya karɓi rasit mai lambar tura kuɗi, a shigar da koke, a kai rahoto ga 'yan sanda, EFCC ma tana da ofis a Sakkwato. Kada a goge muryoyin da ya turo, su ne shaida. Mu mun makara, sai da aka yi kusan mako biyu da turawar farko sannan muka je, aka ce mana irin wannan kuɗi ba ya kwana a akawun. Mun dai bar takardu a hannun hukuma.

Wincin yana nan a shagona ƙarƙashin benci, na naɗe masa waya sabuwa, ina neman mai Hilux da zai saya ko a rage wa Kawu bashi. Duk mai son ganin abin da ake aikowa ya biyo ya gani. Shekaranjiya wani yaro daga wajen Bagudo ya nuna mini wayarsa: bidiyon nan ne dai, jatan landen nan na zuba, amma shafin Facebook ɗin ya sauya suna, lambar waya sabuwa, yanzu kuma Alhaji yake kiran kansa. Muryar ce bai iya sauyawa ba. In zai ce “ɗan'uwa” yakan ja ƙarshen, kuma yana yawan cewa “wallahi don Allah nake yi”.